Ana Miya da Shi?

Mu dai a unguwar nan, idan ka nuna mana fure ka ce mu dubi kyau, tambayar farko da za ka sha ita ce: ana miya da shi? In ka ce a'a, sai a ce to maganin mene ne? In nan ma ka ce babu, sai a dube ka da tausayi, a koma hirar farashin taki. Mutum ya shuka zogale a tsakar gida, kowa ya ce ya yi dabara. Ya shuka lalle, mata su sa masa albarka. Amma ya sayo tukunyar fulawa ya ajiye a ƙofar gida, yana ba ta ruwan da ya saya a hannun 'yan ga-ruwa, to ranar majalisa ta samu abin taunawa: "Lallai Alhaji ya ƙoshi."

Kakanninmu ma sun daɗe da yanke hukunci, da suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ka ga inda suka ajiye fure, a layin abin da ke ɗaukar ido ya bar ciki da yunwa. In za mu dubiya asibiti, lemo muke riƙewa da ayaba da gwangwanin madara, ko a cusa wa mai jinya 'yan kuɗi a hannu. Ka shiga ɗakin marar lafiya da damin fure, danginsa za su yi zaton kai ne ka fi shi buƙatar gadon.

Wani Bature masanin al'adu a Jami'ar Kambirij, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, abin ya ɗaure masa kai har ya fitar da littafi guda a 1993 a kan al'adar fure a duniya. Ya buɗe shi da tambayar abin da ya sa mutanen Afirka ba su ɗauki fure da zafi ba yadda mutanen Indiya da Sin da Turai suka ɗauke shi. Da ya biyo ta lungunmu da mun shimfiɗa masa tabarma, mun ba shi ruwa, sannan mu sa mata su raka shi ɗakin amarya. Can zai ga fure a jikin kwanukan jere, fure a zanen gado, fure a labule, fure a atamfofin lefe, ga hannun amarya da ƙafarta an zane su da baƙin lalle da ja, reshe da ganye har gwiwar hannu. Ya leƙa wayoyinmu ranar Juma'a da safe, zai tarar da jajayen wardi suna yawo gida-gida da "Barka da Juma'a" a ƙarƙashinsu, wasu har da ƙyalƙyali. Ashe muna son fure. Wanda muke so shi ne wanda ya tsaya cak, yadda ka bar shi jiya haka za ka tarar da shi yau. Mai ran ne ba mu saba da shi ba, domin shi yana da lokutansa, ba kullum yake karɓar baƙi ba.

Ilimin da ake buƙata kuwa muna da shi, a kasuwa muke kashe shi. Duk matar da ta taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ta san ba a yarda da launin da aka gani a cikin shago. Sai ta ce wa yaron shago, "Ɗan nan, fito min da ita waje in gani." Abin da ya yi ja wur a ƙarƙashin ƙwan lantarki, a rana sai ya koma ruwan goro, shuɗin da ta zaci mai duhu ne ya fito da wani kore-kore. Ta san launi ba a jikin zane kaɗai yake ba, rabinsa yana hannun hasken da ya sauka a kansa. Fure ma haka yake, sai dai shi ba a ɗauko maka shi, kai za ka je masa a lokacin da ya dace.

Mu kuwa yaushe muke wucewa ta gaban fure? Da azahar, rana ta take, muna sauri, gumi na shiga ido. A lokacin haske ya yi yawa, yana dukan ganye yana dawowa fari fat, ido ya tsuke, launi duk ya koɗe. Fulawar nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangun manyan gidaje, bugambiliya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka aka kawo ta, ka gan ta da ƙarfe ɗaya na rana sai ka rantse tsumma aka shanya. Ka dawo da la'asar sakaliya, sai ka tsaya ka tambayi mai gadi ko sabuwa aka dasa. Ita ce dai. Rana ce ta kwanta, haskenta sai ya ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, abin da ya rage ja-ja ne da rawaya. In kuma hasken ya biyo ta bayan furen ya ratsa shi, sai ya zama shi kansa yana haskawa. Har bagaruwa, wadda ba ma tuna ta sai majema na neman 'ya'yanta, da la'asar 'yan ƙwallayen furenta rawaya suna da abin nunawa.

Akwai wani tsohon malamin kimiyya a layinmu, ya yi ritaya, yanzu majalisa ce ajinsa, mu ne ɗaliban da ba sa biyan kuɗin makaranta. Rannan ya ce, "Ku da kuke fita sallar asuba, kun taɓa lura da jan fure kafin gari ya waye?"

Mai shayi ya ce, "Malam, mu a lokacin ƙafarmu muke kallo, kada mu faɗa kwata."

Malam bai kula shi ba. Ya ce da asuba ko bayan magariba, jan fure duhu yake yi har ya kusa zama baƙi, alhali koren ganyen da ke gefensa yana nan da haskensa, shuɗi da fari kuwa sai ƙara fitowa suke. Da rana jan ne sarki, da almuru shi ne farkon ɓacewa. Dalili, in ji shi, a cikin ido yake. Akwai ƙwayoyin gani iri biyu: wajen miliyan 6 masu aiki da rana, su ne ke rarrabe launi, da wasu fiye da miliyan 90 masu karɓar aiki in haske ya yi ƙasa, su kuma ja ba ya motsa su. Wani likita ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, shi ya fara lura da haka a 1819, yana yawon sassafe a cikin furanni, har yau kuma da sunansa ake kiran abin.

Tela ya ce, "Wato mutum ya yi suna a duniya don ya rasa barcin asuba. Mu da muke tashi kullum, ko satifiket."

Daga nan aka gangaro kan furannin dare, aka ga ashe duk mun san su, haɗa su ne ba mu taɓa yi ba. Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa. Zaƙami fari ne, shi ma sai rana ta yi sanyi. Bado da ke kan kududdufi da dare yake shimfiɗa farin furensa, in hantsi ya ɗaga ya rufe abinsa. Duk sun zaɓi fari ne don shi ake iya gani a duhu, baƙinsu kuwa ƙwarin dare ne da jemagu. Babbar cikinsu ita ce kuka. A farkon damina take fure, babba, fari tas, a rataye kansa ƙasa. Da almuru yake buɗewa, jemagu su kwana suna shan zaƙinsa, kafin wata magaribar ya yanƙwane ya yi ruwan ƙasa. To a wane lokaci ne muke hana yara zuwa gindin kuka? Daidai wannan lokacin. "Kai, fito daga nan, magariba ta yi, masu wurin sun dawo!" Haka aka yi mutum ya shekara sittin yana shan miyar kuka, bai taɓa ganin furenta a buɗe ba. In ya gan shi, a ƙasa ya gan shi, ya faɗo ya fara wari, sai ya ce ai kuka ba ta da wani fure na a zo a gani. Ita ta yi kwalliyarta, mu muka ƙi zuwa bikin.

Abin da ya fi ɓata wa tela rai shi ne da Malam ya ce kwalliyar ma ba don mu aka yi ta ba. Fure talla yake yi, masu sayensa kuwa ƙudan zuma ne da malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki. Wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya tabbatar cewa ƙudan zuma na rarrabe launi. Sai dai ganinsa daban da namu: jan da muke mutuwa a kai bai cika gane shi ba, amma yana ganin wani haske da ke gaba da shunayya wanda idonmu ba ya kamawa. Furen da muke ce wa rawaya kawai, shi yana ganin zane a jikinsa da ke nuna masa hanyar zaƙi. Ko mu muna ganin kaɗan daga irin wannan alama. Dubi furen kuɓewa da safe, ruwan ƙwai mai haske, tsakiyarsa ja mai duhu. Na rama da na yakuwa ma haka suke, dangi ɗaya ne. Wannan duhun na tsakiya shi ke ce wa ƙwaro ga ƙofa nan.

Wani furen ma shi da kansa yake canza riga. Mutanen Funtuwa da Gusau, masu noman auduga, sun san wannan: ranar da furen auduga ya buɗe fari ne mai ɗan ruwan ƙwai, washegari ya koma ruwan hoda, daga nan ya ƙara ja ya faɗi. Ka shiga gona ɗaya ka ga launi biyu a jikin tsiro ɗaya, na yau da na jiya. Malam ya fara bayanin sinadarin da ke kawo ja da shunayya a fure, wai tsami na ƙara masa ja, abu mai kanwa-kanwa kuma ya ja shi zuwa duhu. Hajiyar da ke sayar da zoɓo a gidan kusurwa tana wucewa ta ji, ta ce, "Malam, wannan ai ba sai an je jami'a ba. In na matsa lemon tsami ya yi ja wur, in na jefa kanwa don kashe tsami ya yi duhu. Tun ina budurwa na sani."

Malam ya ce, "To Hajiya, ai kofin furen yakuwa kike dafawa."

Ta ce, "Kofi ko faranti, naira ɗari ne ƙulli."

Sannan ga hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi in ta sauka mana, rana kanta sai ta zama farin faifai, ana iya kallonta ido da ido. Komai ya yi ruwan toka, ganye ya yi furu-furu, mu ma haka. A irin wannan rani ne ɗorawa ke rataye jajayen ƙwallayenta a dogayen igiyoyi, yara na tsinka suna tsotsa. Da a tsakiyar damina take yi, cikin koren da ya cika ko'ina, da ƙila ba wanda zai ɗaga kai. Amma a cikin hazo, inda ido ya yi wata da watanni yana cin ƙasa-ƙasa, ja ɗaya tak ya isa ya tsayar da mai keke. In kuma ruwan farko ya sauka ya wanke ƙura, gajimare ya tace rana, haske ya yi laushi babu ƙyalli, sai ka ji mutane na cewa gari ya yi kyau. Bishiyoyin jiya ne, wanka kawai suka yi.

Duk wannan na ido ne da haske. Wanda ya fi su ƙarfi yana cikin ƙirji. A duk faɗin ƙasar Hausa da wuya a samu furen da ya kai na ƙuduji kyau, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ruwan hoda ne mai shunayya-shunayya, in ya cika gonar dawa a ƙarshen damina sai ka ce shimfiɗa aka yi. Wani yaro ɗan birni ya je hutu ƙauye, ya shiga tsakiyarsa ya ɗauki hoto ya tura wa abokai, sannan ya ce, "Kawu, wannan fulawar wa ya shuka ta?"

Kawun ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Ɗana, wannan ita ce ta cinye tuwon bana."

Gaskiyar kawu. Ƙuduji a jikin saiwar dawa da gero da masara yake maƙalewa yana tsotse su tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ya fito ya yi fure ya riga ya gama ɓarna. Tsiro ɗaya kan zubar da iri dubbai, irin kuma ya iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran shuka. Yaron da kawunsa launi ɗaya suka gani, a rana ɗaya, a haske ɗaya. Ɗaya ya ga abin ɗorawa a Facebook, ɗaya ya ga rumbu ba komai. Je ka ce wa manomi ƙuduji na da kyau, in ka dawo da haƙoranka ka gode Allah.

Juya abin kuma. Furen mangwaro ba shi da wani fasali, tarkace ne ruwan ƙasa-ƙasa, ƙudaje na binsa. Amma bari bishiya ta cika da shi, kowa ya wuce sai ya ce, "Masha Allah, bana mangwaron nan ya yi fure!" Ba furen yake gani ba, bazara yake hangowa da ruwan mangwaro har gwiwar hannu. Haka furen wake, haka ɗan rawayan furen gyaɗa da ke ɓuya a ƙarƙashin ganye. Tumfafiya kuwa, duƙa ka dubi furenta da kyau: fari ne mai kauri, bakinsa shunayya, an tsara shi biyar-biyar. Da a Jos kaɗai take fitowa ana sayar da ita a tukunya, da manyan mutane sun yi layi. Amma tun da a juji take da gonar da ta gaji, kuma tun muna yara ake ce mana nononta na makantarwa, ba wanda ya taɓa yi mata kallon arziki. Zaƙami ma da kyansa, amma uwar da ɗanta ya taɓa shan 'ya'yansa ya kwana yana surutai ba za ta ga komai a jikinsa ba sai bala'i.

Ko mutum ɗaya, idonsa na bin yanayin zuciyarsa. Saurayi in yana neman aure, finafinan Indiya da waƙoƙin Kannywood sun riga sun koya masa cewa so a cikin lambu ake yinsa. Sai ka gan shi ya tsaya a bakin titi wurin masu sayar da fulawa yana ciniki, yana tambayar wacce ta fi ƙamshi. Bayan shekara goma, ga 'ya'ya huɗu ga kuɗin makaranta, shi ne zai sa a sare fulawar ƙofar gida a fitar da shago, yana cewa sauro take tarawa, har maciji ma an ce an gani. Fulawar ba ta canza ba, mai gidan ne ya canza.

Yanzu kuma mun shiga zamanin da mu ke yi wa fure haske. A ɗakin taron biki, masu kwalliya sun gane cewa farin fure shi ne ɗan amana, duk fitilar da aka haska masa zai karɓa, shuɗi ko shunayya ko ruwan hoda, gwargwadon ankon ranar. Jan wardi kuwa in aka kunna masa shuɗiyar fitila baƙi yake komawa, amarya ta riƙe shi a hoto sai ka ce gawayi aka ba ta. Farin ƙwan nan mai arha da muke sawa a ɗaki saboda ba ya cin wuta, shi ma ja ba ya samun haƙƙinsa a ƙarƙashinsa, ba kamar tsohon ƙwai mai zafi ko fitilar kananzir ba. Abin da fitila ta rage, waya ta ƙarasa: a ɗauki hoto, a ƙara masa launi har ganye ya fi na Allah kore, sannan in aka ga na gaske a ce bai kai na hoto ba.

Shi ya sa a ƙarshe muka tsaya a kan fulawar roba. Ba ta san asuba ba, ba ta san almuru ba, ba ta neman ruwa, akuya ba ta cin ta. Tana nan a kan talabijin ko a saman kabad tun ranar jere, da ja da rawaya da wani shuɗin da ba a taɓa ganin irinsa a daji ba. Tela ya ce shi dai a nan ya tsaya, don ita kaɗai ce fulawar da ba ta da wulaƙanci. Malam ya ce ita ma ba ta tsira ba: wadda ke kusa da taga rana na cin launinta a hankali, jan ya fara koɗewa, hunturu kuma ya yi mata hula da ƙura har a manta kalarta ta asali.

Mai shayi ya ce, "Ai Malam ita ma tana da daminarta, sau biyu a shekara. Jajibirin ƙaramar Sallah da na babba, ranar da uwargida ke tsoma ta a ruwan omo. In ta bushe aka mayar, sai maigida ya shigo ya ce, 'Wannan kuma nawa kika sayo ta?'"